Na biya kuɗin kayan gyara, mai shago bai kawo ba: tambayoyi da amsoshi

"Babu a ƙasa, amma kawo kuɗin in sa a taho maka da shi daga Kano. Jibi war haka yana hannunka." Duk wanda ya taɓa kai mota gareji a Katsina, ko gilashin wayarsa ya fashe, ko injin ban ruwansa ya tsaya ana tsakiyar noman rani, ya ji wannan magana. Galibi kuma haka ake yi. A buga waya kasuwar Ƙofar Ruwa ko Fam Santa a Kano, in abin ya gagara a nemo shi Ladipo a Legas ko Nnewi, a ɗora wa direba, kaya ya iso. Da mafi yawan 'yan kasuwarmu ba masu riƙon amana ba ne, da irin wannan ciniki ya mutu tuntuni.

Tambayoyin nan na ranar da jibi ta koma sati uku ne. Ni ma ta taɓa faɗa mini a kan kwamfuresar firiza, ana gab da azumi. Wata biyu ina zarya, kullum amsa ɗaya: kaya na hanya. Da na zauna na nemi inda na yi sake, sai na ga wuri ɗaya ne. Ban taɓa yanka masa rana ba.

Na biya cif, kaya bai zo ba. Mene ne haƙƙina?

Kayanka ko kuɗinka. Da ya faɗi farashi, ka amsa, ya karɓi kuɗi, ciniki ya faɗa, nauyin kawo kaya ya hau kansa. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. In lokaci ya wuce bai kawo ba, kai ke da zaɓi: ka ƙara masa kwanaki, ko ka warware cinikin ya maido maka da abin da ka bayar ba tare da ya cire kuɗin waya ko na mota ba. Wani lokaci har da diyya a kai, za mu zo kanta.

Ba mu sa rana ba. Har yaushe zan jira?

In ba a ambaci rana ba, doka ta ce a kawo kaya cikin lokacin da hankali zai ɗauka, alƙali kuma yana duba daga inda kayan zai taso. Katsina zuwa Kano bai kai kilomita 200 ba, motoci suna zuwa su dawo a wuni ɗaya. Wanda ya ce daga Kano zai kawo, ya yi sati uku, ba shi da ta cewa. Na Legas a ba shi kwanaki. Na Sin ko Dubai zancen makonni ne ko watanni, shi ma in an gaya maka tun farko.

Sai dai kada ka zauna kana lissafi a zuci. Muddin kana zuwa yana ce maka gobe, kana cewa "to, Allah ya kai mu", a idon shari'a kamar kana ƙara masa lokaci ne da yardarka. Yanka rana, kuma a rubuce. Saƙon waya ya isa:

"Salamu alaikum Alhaji. Ranar 3 ga wata na ba ka ₦85,000 kuɗin lagireton motata, ka ce kwana 3. Yau kwana 20. Don Allah in bai iso ba zuwa Juma'a 30 ga wata, na fasa cinikin, a maido mini da kuɗina ta asusun da na turo. Na gode."

Babu zagi a ciki, babu barazana, kuma babu wani dattijo da zai karanta ya ce ka yi rashin ladabi. Na san abin da ke hana mutane: kunya. Mai shagon maƙwabci ne, ko sahu ɗaya kuke tsayawa a masallaci, ko abokin mahaifinka ne. Amma abin da na gani shi ne shirun ya fi ɓata zumunci. Mutum ya yi ta haɗiya wata uku, ranar da ya fashe sai ya fashe a tsakiyar kasuwa.

Wace doka ce ta tsaya mini?

Babbar ita ce Dokar Gasa da Kare Haƙƙin Masu Saye ta Tarayya ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a farkon 2019. Ita ta kafa hukumar FCCPC, wadda ta gaji tsohuwar majalisar kare masu saye da aka kafa a 1992, ta kuma kafa kotu ta musamman ta irin waɗannan ƙararraki. Dokar ba ta manyan kamfanoni kaɗai ba ce. Mai shago ƙofa ɗaya a Babbar Kasuwa yana ƙarƙashinta.

Hukuncinta ba wasa ba ne: mutumin da aka kama da take haƙƙin mai saye yana iya fuskantar ɗauri har shekara 5, ko tarar da ta kai naira miliyan 10, ko duka biyun. Ba wai kowace rigimar kafireto za ta kai can ba, amma yana da kyau mai shago ya san akwai ta.

A gefe kuma akwai tsohuwar dokar saye da sayarwa ta 1893 da muka gada daga Ingila, wadda jihohi da dama suka gina nasu a kanta. Daga cikinta ake ɗauko ƙa'idojin lokacin kawo kaya da lissafin diyya.

Ni ban san dokar boko ba. Me shari'ar Musulunci ta ce?

Ta riga dokar boko magana, kuma a gaɓa ɗaya suka haɗu. Biyan kuɗi yanzu a kawo kaya daga baya shi ne malamai ke kira cinikin salam. Lokacin da Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya iso Madina ya tarar ana biyan kuɗin dabino tun shekara ɗaya ko biyu kafin a girbe. Bai hana ba, sai ya gindaya sharaɗi: wanda zai biya tun kafin a kawo, ya biya a kan mudu sananne, da awo sananne, zuwa ajali sananne. Bukhari da Muslim sun ruwaito shi daga Ibn Abbas.

Dubi kalmomin nan da kyau. Abu sananne, ajali sananne. A harkar kayan gyara, abu sananne yana nufin wace mota, ƙirar wace shekara, sabo ko Beljiyam, na wane kamfani, wace lamba ce a jikin tsohon. Ajali sananne kuwa rana ce da za a iya nunawa a kalanda. "In Allah ya yarda kwanan nan" addu'a ce mai kyau, amma ba ajali ba ce. Sannan ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ne da a rubuta bashi in an ƙulla shi zuwa wani lokaci. Saboda haka wanda ya ce "haba, sai ka ce ba ka yarda da ni ba" don ka nemi takarda, ka gaya masa cikin ladabi cewa ba kai ka ƙago ba.

In ajali ya yi kaya bai samu ba, mai saye ke da zaɓin jira ko karɓar kuɗinsa. In kuma mai shagon yana da halin biya yana yawo da hankalinka, hadisi ya kira jinkirin mawadaci da sunansa: zalunci.

Bai ba ni rasit ba. Shi ke nan na yi asara?

A'a. Cinikin baki ciniki ne. Sashe na 118 na dokar 2018 ma mai sayarwa ya ɗora wa nauyin ba da takardar ciniki mai sunansa, adireshinsa, kwanan wata, irin kayan da kuɗinsa.

Abin da kake buƙata hujja ce. In ta banki ka tura, takardar turawar da bayanin asusunka sun nuna rana da adadi da sunan wanda ya karɓa. Saƙonnin WhatsApp da muryoyin da ya turo yana cewa "kaya na hanya" suna da amfani ƙwarai, domin a cikinsu ya amsa da bakinsa cewa akwai kaya a kansa. Sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya buɗe ƙofar karɓar hujjar waya da kwamfuta a kotu. Kada ka goge komai, kada ka sayar da wayar. In tsabar kuɗi ka ba shi hannu da hannu, nemi wanda ke wurin: makanikenka, yaron shago, wanda ya raka ka. In babu kowa, tura masa saƙo irin na sama tun yau. Amsar da zai bayar ita ce rasit ɗinka.

Ya nuna mini rubutu a bango: ba a mayar da kuɗi bayan an biya.

Rubutun bango ba ya goge doka. Dokar 2018 ta hana sharuɗɗan danniya, ta kuma hana duk wata yarjejeniyar da za ta sa mai saye ya sarayar da haƙƙin da ta ba shi. A 2022 babbar kotun jihar Inugu ta yanke cewa irin wannan ƙa'ida ta wani kamfanin motocin haya haramtacciya ce, ta sa ya biya fasinjan diyyar ₦500,000. Balle a nan, inda ba a ba ka komai ba tukuna.

Amma a yi adalci. In shi bai saɓa ba, kai ne ka canza ra'ayi bayan ya riga ya tura kuɗi Legas, sashe na 120 ya ba ka damar fasa oda, ya kuma ba shi damar cire wani abu daidai gwargwado na ɗawainiyarsa. Wanda ya saɓa shi ne ba ya cire ko kwabo.

Ya ce dala ta tashi, sai na ƙara.

Dalar ta tashi da gaske. Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, dalar da ke ƙasa da ₦500 a farashin gwamnati ta haura ₦1,500 a farkon 2024, kuma masu kayan gyara sun sha wuya fiye da yawancin 'yan kasuwa, don kusan komai nasu daga waje yake zuwa. Ina tausaya musu. Amma in kun yanke farashi ka biya duka, tashin kasuwa nasa ne, kamar yadda da ta sauka ba zai neme ka ya ba ka canji ba. Ai dalilin biya tun da wuri ke nan.

Lissafin ma juyawa yake yi a kansa. In ka biya ₦85,000, ya kasa kawowa ranar da aka yi alkawari, ka je wani shago a lokacin ka saya ₦110,000, ƙa'idar diyya ta ce ya maido maka da kuɗinka ya kuma cika ₦25,000 ɗin da ke tsakani. Ajiye rasit ɗin shago na biyu.

In kafin alƙalami kawai ka bayar, kuka bar farashi a buɗe da cewa "in ya zo mu ga yadda ya kama", wannan wata magana ce. Ko a nan ba dole ba ne ka amshi duk abin da ya faɗa, ka nemi ganin nawa ya sayo.

Ya ce direba ya ɓatar da kayan, ko an kwashe a hanya.

Tambaya ɗaya za ka yi: direban wa? In shi ya zaɓi yadda za a kawo kayan shagonsa kai kuma ka zo ka karɓa, to kafin ya shigo hannunka asarar tasa ce. Shi zai bi direba da 'yan tasha, kai shi za ka bi. In kuwa kai ka ce a ba wane direba, ga lambarsa, to da an miƙa masa kamar an miƙa maka ne.

Gobara ma kusan haka take. Mutanen Katsina ba su manta da wadda ta cinye wani sashe na Babbar Kasuwa a watan Maris na 2021 ba. In kayanka bai iso ba, ko ya iso ba a ware maka shi ba, kuɗinka yana nan bashi a kan mai shago. In ya iso an kira ka ka zo ka ɗauka ka yi ta jan ƙafa, asarar tana iya dawowa kanka. Sassauta wa wanda wuta ta cinye wa jari alheri ne babba, kuma Alƙur'ani ya ce a jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci. Amma alheri ne daga gare ka, ba wai bashin ya faɗi da kansa ba.

Makanike na ba kuɗin, ba mai shago ba. Wa zan riƙe?

Ya danganta da yadda kuka yi. In ya ce "kuɗinsa dubu 60" ka ba shi, ba ka san inda zai saya ko ribar da zai ci ba, shi ne mai sayarwa, shi za ka riƙe. In kuwa aikensa ka yi, ya sayo ya kawo rasit ka ba shi ladansa, to wakili ne kuma kuɗin amana ne a hannunsa. Dole ya nuna maka wanda ya ba, da shaidar biya, sannan ku bi mai shagon tare. Wakilin da ya juya kuɗin aike ya yi wata hidimar da su ya fita daga amana, biya ya hau kansa.

Ya kawo, amma ba shi ba ne.

Kada ka bari a ɗaura. Da an ɗaura, gardama ta koma "ai makanikenka ne ya lalata". Ɗauki hotonsa kusa da tsohon ka mayar a ranar.

Wanda ka biya kuɗin sabo ya kawo maka Beljiyam bai cika alkawari ba. Sashe na 117 na dokar 2018 ya tilasta a bayyana kayan da aka yi amfani da su ko aka sabunta. In kuma an ɗaura sai aibi ya fito, sashe na 132 ya ba da wata 3 daga ranar karɓa a mayar da kayan da bai kai ingancin da ya kamata ba, a gyara, a musanya, ko a maido kuɗi. Jabu kuwa, musamman na birki da taya, ya wuce rigimar mutum biyu, rai ne a ciki. Hukumar SON mai kula da ingancin kaya ce ke bin irinsu.

Keke-napep ɗina ya yi wata a ajiye. Zai biya ni abin da na rasa?

A nan mutane suka fi shan mamaki, kuma ƙa'idar ta fito ne daga wata shari'a da kamar a garin nan aka yi ta. A 1853, a Ingila, sandar ƙarfen da ke juya injin niƙa na wasu masu niƙa a garin Gulosta ta karye. Suka ba kamfanin dako ya kai ta wurin maƙera don a ƙera sabuwa a kan samfurinta. Masu dako suka makara da kwanaki, injin ya zauna, masu niƙa suka nemi a biya su ribar da suka rasa. Kotu ta hana. Dalilinta shi ne ba a sanar da masu dako cewa injin zai tsaya cik har sai sandar ta dawo ba, mai yiwuwa ne a zatonsu akwai wata a ajiye. Ana kiran shari'ar Hadley da Baxendale, kuma kotunan Najeriya suna bin ta har yau.

Ma'anarta gare ka: asarar da kowa zai iya hangowa ana biya, ta musamman kuwa sai in ka faɗa tun lokacin ciniki. Mai tumatir a bakin madatsar Jibiya ko Ajiwa da ke jiran kayan injin ban ruwa ya faɗa ƙarara, ya kuma rubuta: "Alhaji, injin nan kaɗai gare ni, in ya wuce kwana 5 gonar za ta bushe." Mai napep ya ambaci balas ɗin da yake kaiwa kullum. Sannan doka ba ta yarda ka naɗe hannu asara tana ƙaruwa ba. In akwai kayan a wani shago, ko injin haya, ka nema, ka riƙe shaidar abin da ka kashe.

Ina zan fara kai ƙara?

Daga kusa. Bayan ranar da ka yanka ta wuce, je wurin shugabannin layin ko ƙungiyar masu sayar da irin kayan. A ganina nan ne ya fi saurin fitar da kuɗi, domin ɗan kasuwa ya fi tsoron zubewar mutunci a gaban abokan sana'arsa fiye da sammaci. Mai unguwa da Hukumar Hisba ta jiha su ma suna sulhu, haka cibiyar sulhu da ke ƙarƙashin babbar kotun jiha. Duk inda aka sasanta, a rubuta nawa ne da ranar biya, shaidu su sa hannu.

In sulhu ya ƙi, FCCPC tana karɓar koke ta intanet, ka haɗa da hotunan hujjojinka. Sashe na 146 na dokar 2018 kuma bai tilasta maka jiran hukumar ba, kana iya wucewa kotu kai tsaye. Kotun shari'ar Musulunci tana sauraron rigimar ciniki tsakanin Musulmi, ƙa'idarta sananniya ce: hujja a kan mai da'awa, rantsuwa a kan wanda ya musa. In mai shagon ba Musulmi ba ne kuma bai yarda da zuwa can ba, sai kotun majistare.

In kai shi wurin 'yan sanda?

In saɓa alkawari ne kawai, a'a. Sashe na 32 na Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ya hana kama mutum a kan bashi ko karya yarjejeniyar ciniki, kuma wanda ka sa aka tsare ba bisa ƙa'ida ba yana iya juyowa ya yi ƙararka ya ci diyyar da ta fi kuɗin kayan.

Damfara daban ce. Wanda ya nuna maka shagon da ba nasa ba, ko ya karɓi kuɗin mutum biyar a kan giyabos ɗaya, ko ya kashe waya ya ɓace, wannan laifi ne, kuma dokar damfara ta 2006 ta tanadi ɗaurin shekara 7 zuwa 20 ga wanda ya karɓi dukiya da ƙarya.

A Facebook na gan shi, na tura kuɗi, ya toshe ni.

Sanar da bankinka a ranar, a rubuce, ka karɓi lambar koke. Banki ba ya cire kuɗi daga asusun wani don ka ce a cire, amma rahoton damfara da wuri yana iya sa a riƙe asusun kafin a kwashe. Daga nan sai 'yan sanda ko EFCC, da sunan asusun da hotunan hirarku.

Ya ce ba shi da kuɗi, in ɗauki wani kaya a shago ko ya biya kaɗan-kaɗan.

Ba zai tilasta maka ba. In ka ga gaskiya yake faɗa, karɓar kaɗan-kaɗan ya fi shekara a kotu, amma a rubuta kowane biya da ranarsa, kuma ya fara da wani abu a hannu a wurin zaman.

Mai shagon ya rasu kafin ya kawo.

Allah ya jiƙansa. Bashin bai bi shi kabari ba, yana kan abin da ya bari, kuma ayoyin gado a Suratun Nisa'i sun sa biyan bashi kafin rabo. Shi ya sa a wurin jana'iza ake shelar duk mai bin mamaci ya zo ya faɗa. Je ka yi gaisuwa tukuna. Bayan an share makoki ka sami babban ɗansa ko wanda ke riƙe da shagon, ka nuna masa hujjarka a keɓe, tun kafin a zauna rabon gado. In ka yi niyyar yafewa, ka faɗa musu da bakinka don su cire shi daga lissafi.